Bulon Kwakwa da Lakar Gulbi

Lawali ya dawo daga Kwatano ranar Laraba,
kamiyonsa na tari a bakin hanyar Jiratawa.
Ya miƙo mini wani abu kamar bulo,
ja-ja, busasshe, ba nauyi.
"Ɓawon kwakwa ne, aka niƙe aka danne.
Jiƙa shi ka sha kallo."
Sai ya rage murya:
"Na ji har masu wiwi da shi suke renon iri."
Na ce ni tattasai gare ni,
kada bakinka ya jawo mini jandarma cikin garka.

Na jefa shi a bahon wanki.
Ya shanye bokiti guda, ya nemi ƙari,
ya kumbura, ya farfashe, ya cika baho
har Zuwaira ta ja da baya tana salati.

Baba Nomau na zaune a gindin mangwaro
yana gyaran ƙotar kwashe.
Shekara arba'in haɗinsa bai sake ba:
laka daga gulbi bayan ruwa ya janye,
kashin awakin da ya ga damina biyu,
yashi, da tafi ɗaya na tokar murhu.
Sai ya sansana kafin ya yarda.

Na tsaga jarka biyu, na huda gindinsu.
Iri ɗaya, hannu ɗaya, rijiya ɗaya.

Kwana shida na kwakwa suka leƙo,
a jere, kamar ƴan lakwal ranar tutar safe.
Na zare guda don in gani:
saiwa fara fat, mai gashi,
ta fito ba ta tsinke ba.
Na kai wa Baba a tafin hannu.
Ya duba, ya ce, "Ta yi kyau,"
irin yadda ake yaba rigar aro.

Na laka kuwa sai jan ƙafa.
Gasaya ta riga su fitowa,
ta zo cikin kashin awaki ba gayyata.
Wasu sun tsiro, wuyansu ya yi baƙi,
da safe na tarar sun kwanta.
Na ƙirga gawa goma sha ɗaya.
Ban faɗa wa kowa ba, amma na ji daɗi,
Allah ya yafe mini.

Sati na uku abin ya juya.
Ƴan kwakwa suka fara rawaya daga ƙasa,
bakin ganye ya ƙone.
Na buga wa Lawali, yana Gaya a layin duwan.
"Af! Ban ce ka wanke gishirin ba?
Kuma ai ba abinci a cikinsa,
kai za ka riƙa ba su a ruwa."
Ashe ɗaki ne mai kyau, shararre,
babu ko tukunya.

Na jiƙa taki a tsumma, na tace,
ina ba su kamar kunun jinya,
safe da la'asar,
ranar da na je jana'iza Tibiri suka yi fushi.
Na laka ko oho.
Waɗanda suka tsira sun yi kauri,
kore shar, gajeru, masu taurin kai,
ba su san na yi tafiya ba.

Ranar dashe muka jera su kunya ɗaya.
Bayan wata ni kaina na kasa rabewa.
Zuwaira ta ce ita ta sani, ta nuna, ta yi kuskure.

Baba ya tambayi kuɗin bulon.
Na faɗa. Ya yi shiru,
ya kalli wajen gulbi
wanda bai taɓa karɓar dalarsa ba.

Da magariba na dawo ɗaukar tiyo,
na same shi tsugune gaban baho,
ya damƙi ragowar, ya matse, ruwa na bin gwiwar hannunsa.
Ya kai hanci. Ya sake kaiwa.
"Yana riƙe ruwa," in ji shi.
"Amma ba ya warin kowa."
Ya zuba rabi a aljihun taguwa,
ya tafi alwala.